Idan Sharrin Shaiɗan Ne, Kai Ina Kake?



Akwai wata magana da kunnuwanmu suka saba da ita har ta daina ba mu mamaki. 'Yan sanda su kama mutum, su zaunar da shi a ƙasa, a baje kayan da ya sata a gabansa, ɗan jarida ya miƙa masa makirufo ya ce, "Malam, me ya kai ka?" Sai gogan ya sunkuyar da kai ya ce, "Sharrin Shaiɗan ne." Wanda ya lalata 'yar maƙwabcinsa haka zai ce. Ma'ajin da ya cinye kuɗin ƙungiya haka zai ce. Musulmi na faɗa, Kirista na faɗa. A nan dai babu rikicin addini, bakinmu ɗaya. Wanda ya fi wayo kuma sai ya ce tsautsayi ne, ko asiri aka yi masa, ko ya jawo karin maganar nan ta in ɓera da sata daddawa ma da wari.

Yau ina so mu duba abin da koyarwar Kirista ta ce game da wannan uzuri. Addinin ya yarda akwai Shaiɗan, ya yarda ɗan Adam mai rauni ne, har wasu manyan malamansa sun kai ga cewa mutum ba ya iya zaɓen alheri da ƙarfin kansa. Duk da haka ba a taɓa sauke wa mai laifi kayansa a ɗora wa wani ba. Yadda aka haɗa waɗannan biyun shi ne abin da ya hana malaman ikkilisiya barci fiye da shekara 1,500.

Uzurin tsoho ne, don yana nan a sura ta 3 ta Littafin Farawa. Da Allah ya tambayi Adamu ko ya ci 'ya'yan itacen da aka hana, sai ya nuna matarsa, har ya goga wa Allah kansa laifi, tunda shi ya ba shi ita. Da aka juya kan Hauwa'u, sai ta nuna maciji. Abin lura shi ne babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Matar ce ta miƙa wa Adamu, macijin ne ya ruɗe ta. Uzurin gaskiya ne, amma ba a karɓa ba. Kowa cikin ukun ya sami nasa hukunci daidai da hannun da ya sa.

Wanda ya fi ba ni dariya shi ne Haruna, a sura ta 32 ta Littafin Fitowa. Musa ya sauko daga dutse ya tarar jama'a suna rawa gaban ɗan maraƙin zinariya. Labarin ya riga ya gaya mana Haruna ne ya tara 'yan kunnen mutane, ya narkar, ya siffata gunkin da hannunsa. Amma da ƙanensa Musa ya tsare shi da tambaya, sai ya ce ai jama'a ne suka matsa masa, shi dai ya zuba zinariya a wuta ne, sai ga maraƙi ya fito. Maraƙi ya ƙera kansa ke nan. Duk wanda ya taɓa zama a kwamitin binciken kuɗi ya ji irin wannan bayani.

Sabon Alkawari bai sassauta ba. Wasiƙar Yakubu ta hana mutum ya ce Allah ne ya jarabce shi, ta kuma kai tushen abin ga sha'awar mutum ta kansa, wadda ke ɗaukar ciki ta haifi zunubi. Bulus ya gaya wa Korantiyawa cewa babu jarabar da ke zuwa ba tare da ƙofar fita ba, ya gaya wa Romawa cewa kowa zai ba da lissafin kansa a gaban Allah.

Da a nan maganar ta tsaya, da mun tashi. To amma Bulus ɗin nan, a sura ta 7 ta wasiƙarsa ga Romawa, ya koka cewa alherin da yake so ya yi ba ya yi, muguntar da yake ƙi kuwa ita yake tsintar kansa a ciki. Mashayin da ya rantse da safe ya koma da yamma ya san wannan kuka. To idan mutum ɗaurarre ne haka, ina zaɓin yake? Idan kuwa babu zaɓi, da wane adalci za a hukunta shi?

Mutumin da ya fi kowa nutsewa cikin wannan tambaya ɗan Afirka ne. An haifi Agustin a shekara ta 354 a garin Tagas, wanda yau ake kira Suk Ahras a ƙasar Aljeriya, ya kuma zama bishop na Hippo, wato Annaba ta yanzu, har ya rasu a 430. A littafin da ya rubuta na furta zunubansa, ya ba da labarin wani abu da ya yi yana ɗan shekara 16. Kusa da gonar inabinsu akwai bishiyar wani mutum da ta yi 'ya'ya jingim. Cikin dare shi da abokan yawonsa suka je suka girgiza ta, suka kwashi kaya niƙi-niƙi, suka ɗan ɗanɗana, sauran suka watsa wa aladu. Ba yunwa yake ji ba. 'Ya'yan ba su da wani daɗi, kuma a gidansu akwai waɗanda suka fi su. Kowane dattijo zai ce ƙuruciya ce, a wuce wurin. Agustin kuwa, yana bishop, ya haura shekara arba'in, ya zauna yana tona wannan dare shafi bayan shafi, yana tambayar kansa me ya so a cikin satar. Amsar da ya samu ta tsorata shi: haramcin abin ne ya yi masa daɗi. Ya yarda cewa da shi kaɗai ne da bai yi ba, zugar abokai ce ta kwashe shi, amma bai miƙa musu laifin ba. Ya ce shi ne ya so tarayya da su cikin ɓarnar.

Akwai dalilin da ya sa ya matsa wa kansa haka. Kusan shekara tara ya yi yana bin ɗariƙar Mani, masu koyar da cewa akwai wata baƙar halitta a cikin mutum, ita ce ke yin zunubi, shi mutumin fes yake. Agustin ya ce wannan koyarwa ta yi wa girman kansa daɗi ƙwarai, don ta ba shi damar yin ɓarna ba tare da ya taɓa cewa ya yi laifi ba, kuma wannan ne ya sa ciwon nasa ya ƙi jin magani. Kun ji mutumin da ya ɗanɗani "sharrin Shaiɗan ne" a matsayin aƙida sukutum, ya tofar.

Sai ga shi kuma shi ne ya tashi ya yaƙi wanda ya fi kowa kare 'yancin zaɓi. Pelagiyus malami ne mai tsantseni daga tsibirin Birtaniya da ya zauna a Rum. Ya ga masu kuɗin birnin suna sheƙe aya suna fakewa da cewa ɗan Adam ajizi ne, abin ya ƙona masa rai. Ya ce Allah ba azzalumi ba ne da zai umarci abin da ba ya yiwuwa. Tunda ya ce a yi, to ana iyawa, kowa ya tashi ya gyara halinsa. Ni dai ina ganin duk iyayen da suka taɓa yi wa ɗa faɗa, almajiran Pelagiyus ne a wannan lokacin. Agustin ya amsa cewa zaɓin yana nan, amma ba shi da lafiya. Mutum yana zaɓen abin da zuciyarsa ke so, matsalar ita ce zuciyar ta karkace tun daga faɗuwar Adamu, kuma ba ta iya miƙar da kanta sai alherin Allah ya fara taɓa ta. Taron bishop-bishop a Kartaj, kusa da birnin Tunis na yau, ya yi tir da koyarwar Pelagiyus a 418. A 529 wani taro a garin Oranj na Faransa ya tabbatar cewa alheri ne ke fara aiki, ya kuma la'anci duk wanda zai ce Allah ya ƙaddara wa wani aikata mugunta.

Bayan kusan shekara dubu rigimar ta sake tashi. A 1524 Erasmus, masani ɗan Holan, ya fitar da ɗan littafi yana kare 'yancin zaɓi. A 1525 Martin Luther ya mayar masa da martani mai zafi, ya ce nufin ɗan Adam bawa ne, ya kwatanta shi da dabbar hawa: in Allah ya hau ta bi inda Allah ya so, in Shaiɗan ya hau ta bi inda Shaiɗan ya so. Mai laifin da ke gaban 'yan jarida zai ce, "Yauwa, abin da nake faɗa ke nan!" Kada ya yi saurin murna. A cikin littafin nan dai Luther ya bayyana cewa mai zunubi ba jan sa ake yi da wuya kamar ɓarawon da za a kai wa alƙali ba, da son ransa yake yi, yana kuma jin daɗi. Bautar da yake nufi ta shafi ceto ne, wato mutum ba ya iya kai kansa ga Allah. A harkokin duniya kuwa, shaidar bangaskiyar da mabiyansa suka gabatar a Augsburg a 1530 ta ce mutum yana da 'yancin da zai kiyaye doka ya yi zaman gaskiya da jama'a. John Calvin a Jeniba, wanda ya fi kowa tsanani a batun ƙaddara, shi ma ya raba tsakanin abin da hali ke sa mutum da abin da aka tilasta masa, ya ce halakar mutum daga ɓatancinsa take fitowa. Katolika a taron Trent a 1547 suka ce zaɓi ya raunana amma bai mutu ba, mutum yana iya amsa kiran alheri, yana kuma iya ƙi. Mabiyan wani malami Arminiyus suka ja da mabiyan Calvin kan wannan batu har aka yi taron Dort a 1618 zuwa 1619, daga baya John Wesley a Ingila ya koyar da cewa Allah ya riga ya ba kowa alherin da zai iya amsawa da shi.

Wannan ba tarihin Turawa kaɗai ba ne. Jikokin waɗannan mutane suna nan tare da mu. Ikkilisiyar LCCN da ta tsiro a Numan 'yan gidan Luther ne. CRCN ta wajen Takum da Wukari da NKST ta ƙasar Tibi 'yan gidan Calvin ne. 'Yan Methodist na Taraba na Wesley ne. Ga su kuma duk a inuwar ƙungiyar majami'u ta TEKAN. 'Yan'uwanmu Musulmi da suka karanci Jabariyya da Ƙadariyya da matsayar Ash'ari sun san irin wannan ja-in-ja a nasu gidan.

Da na bi rigimar daga farko zuwa ƙarshe, abin da na gani shi ne: gardamar duk a kan wa za a yaba wa ne idan mutum ya yi abin kirki, shi ko Allah. A kan wa zai ɗauki laifi idan ya yi ɓarna, ba su taɓa saɓawa ba. Pelagiyus da Agustin, Erasmus da Luther, da za ka kawo musu ma'ajin nan da ya cinye kuɗi, baki ɗaya za su ce masa shi ya ci.

Yanzu ga wani sabon salo na tsohon uzurin, wanda ya cika wasu majami'u a zamanin nan: la'anar gado. Saurayi ya ƙi karatu, ya ƙi sana'a, a ce masa kakansa ne ya yi tsafi. Magidanci yana dukan matarsa, a ce ruhun gidansu ne, a kawo mai a shafa, a kwana ana addu'ar karya la'ana, da safe ya koma ya ci gaba. Mafi muni shi ne idan aka fara neman wanda ya ɗaure shi, don yatsan kan sauka ne a kan tsohuwa marar gata ko maraya, a ce mayu ne. Masu wannan wa'azi suna kafa hujja da Dokoki Goma, inda aka yi zancen alhakin iyaye yana bin 'ya'ya har tsara ta uku da ta huɗu. Gaskiya ne ɓarnar uba tana taɓa ɗa. Ɗan mashayi yakan gaji talauci da tabon zuciya. Amma gadon wahala daban, gadon laifi daban. Yahudawan da aka kwashe zuwa Babila a shekara ta 597 kafin haihuwar Almasihu suna da wani karin magana da ke nufin iyaye ne suka ci abu mai tsami, haƙoran 'ya'ya suka mutu. Annabi Ezekiyel, a sura ta 18, ya ce Allah ya haramta musu wannan magana. Ya jero tsara uku, uba adali, ɗa ɗan fashi, jika da ya ga halin ubansa ya ƙi bi, ya ce kowa da nasa sakamakon. Da almajirai suka ga wanda aka haifa makaho suka tambayi Yesu ko laifinsa ne ko na iyayensa, ya ce ba na ko ɗaya ba ne.

Wannan sura ta Ezekiyel tana da wani kaifi da ba mu cika son taɓawa ba. Idan ɗa ba ya ɗaukar laifin ubansa, ta yaya matafiyi zai ɗauki laifin ƙabilarsa? Mun ga abin da ya faru a Kaduna a 2000, da Jos a 2001, da lokuta da dama bayan nan: a tare hanya, a sauke mutum daga mota, a tambaye shi sunansa, sunan ya zama hukuncinsa. Kowane ɓangare ya yi, kowane ɓangare an yi masa. Ni da nawa nake magana. Saurayin da ya fito daga sujada ya ɗauki gora ya bi ayari, ba zai ce ayari ne ya yi kisa ba, don ayari ba shi da hannu sai na waɗanda ke cikinsa. Bilatus ya gwada wannan dabara a shari'ar Yesu, ya sa aka kawo ruwa ya wanke hannu a gaban taro, ya ce su suka so. Yau kusan shekara 2,000 ke nan, duk Lahadi masu karanta Shaidar Bangaskiya ta Manzanni sunansa suke kira, ba na taron ba.

Haka batun "umarni aka ba ni". Wani manomi ɗan Ostiriya, Franz Jägerstätter, daga ƙauyen Sankt Radegund, ya ƙi ɗaukar makami a rundunar Hitler don lamirinsa ya ce yaƙin zalunci ne. Limamai sun ba shi baki, har bishop na Linz ya tuna masa yana da mata da 'ya'ya mata uku ƙanana, kuma alhakin yaƙi yana kan shugabanni. Ya ce ba zai iya miƙa wa shugaba lamirinsa ba. An fille masa kai ranar 9 ga Agusta 1943 yana da shekara 36. A 2007 ikkilisiyar Katolika ta ɗaga shi zuwa matsayin masu albarka, a birnin Linz ɗin nan.

To kada wani ya ji wannan duka ya ɗauka koyarwar ba ta da tausayi. Alhaki yana da ma'auni. Yesu ya ce bawan da ya san nufin maigidansa ya ƙi yi zai sha duka da yawa, wanda bai sani ba kaɗan zai sha, kuma wanda aka ba da yawa za a nemi da yawa a hannunsa. Katikisman Katolika na 1992 ya ce kafin zunubi ya zama mai kisa sai abu uku sun haɗu: laifin ya zama babba, mutum ya san haka sarai, ya kuma yi da cikakken nufinsa. Ya ƙara da cewa jahilci da tsoro da tilas da jarabar da ta zama jiki suna rage nauyin laifi, wani lokaci ma su ɗauke shi. Yaron da aka sace aka ɗora masa bindiga ba ɗaya yake da wanda ya sayo bindigar ba.

A nan ne nake da ƙorafi a kan yadda muke horo a majami'unmu, domin sau da yawa ma'aunin a juye muke riƙe shi. Ku leƙa ofishin fasto wata ranar Asabar da yamma. Dattawa sun zauna a kan kujeru, yarinya 'yar shekara 17 tana durƙushe a ƙasa, ta ja gyale ta rufe ciki, uwarta tana bakin ƙofa tana sharar hawaye. A ce, "'Yata, wa ya yi miki?" Ta ce, "Baba, ku yi haƙuri," ta yi shiru, don wanda ya yi ɗin shi ke biya mata kuɗin makaranta, kuma shi ya ba da buhunan siminti lokacin ginin coci. Dattawan ma sun sani, garin duk ya sani. Gobe Lahadi a sanar da sunanta, a cire ta daga ƙungiyar mawaƙa, a hana ta cin jibi, a mai da ta bencin baya. Shi kuwa yana kujerar gaba da babbar riga. In magana ta matse shi a ɓoye, ya ce wa fasto Shaiɗan ne ya shiga tsakani, a yi masa addu'a.

Littafi Mai Tsarki yana da labari irin wannan sak, kuma ba haka aka yi ba. Sarki Dawuda ya hango Batsheba daga kan soro, ya aika aka kawo ta, ta yi ciki. Ya kira mijinta Uriya daga fagen fama don a rufe zancen, mutumin ya ƙi shiga gidansa alhali 'yan'uwansa suna kwana a fili. Dawuda ya ba shi giya ya bugu, duk da haka ya ƙi. Sai sarki ya rubuta wa shugaban yaƙinsa Yowab takardar da za ta sa a kashe shi, ya damƙa wa Uriya ɗin ya kai da hannunsa. Da Allah ya aiki annabi Natan, ba wurin matar ya tura shi ba, fada ya tura shi. Natan ya ba sarki labarin attajirin da ya bar garkensa ya yanka wa baƙo 'yar tunkiya ɗaya tilo ta maƙwabcinsa talaka. Dawuda ya fusata ya yanke hukunci, Natan ya ce masa ai kansa ya yanke wa. Amsar Dawuda gajeriya ce: ya amsa ya yi zunubi. Bai ce me ya kai ta wanka a inda za a gan ta ba. An gafarta masa, amma jaririn ya mutu, kuma gidansa bai sake zama lafiya ba.

Ban ce yarinyar ba ta da nata kason ba. Koyarwar da muka bi tun daga Farawa ba ta bar kowa ya tafi hannu rabbana ba. Amma ita ƙarama ce, a hannunsa take ci, tsoronsa take ji. Shi babba ne, ya san Littafi, ya san abin da yake yi, babu wanda ya tilasta shi. Da ma'aunin Yesu da na katikisma, kason da ya fi nauyi nasa ne, kuma inda dokar ƙasa ta shigo, ba hurumin dattawa ba ne su rufe. Idan kwamiti ba shi da ƙarfin halin kiran sunansa ranar Lahadi, to ya bar nata. In kuwa ya ce ya tuba, akwai misalin Zakka mai karɓar haraji a Yariko, wanda ya tsaya a gaban jama'a ya yi alkawarin mayar da ninki huɗu ga duk wanda ya cuta. A rubuta a littafin kwamiti: kuɗin awo, kuɗin haihuwa, abincin jariri, da kuɗin da za ta koma makaranta da shi bayan ta yaye, da ranar da zai kawo kowanne, da dattijon da zai bi sawu.